Sawun Cire-Hula

Ranar Juma'ar da aka tsayar za a sayar da motar Alhaji Usaini, a ranar ta ɓata. An sauko daga masallaci, Hashimu babban ɗan Alhaji yana gaba, Sada dillali yana biye yana zuba wa baƙon da ya zo saye daga Kano yabon motar tun kafin ya gan ta. Aka ja ƙofar gareji, sai ga wuri wayam. Abin da ya rage sai tsohuwar tabarmar da ake shimfiɗa mata a ƙarƙashi saboda ɗigar mai, ita ma tas take, don motar ba ta taɓa ɗigar da komai ba.

A ƙauyen nan na bakin babban kanal, tsakanin Kura da Bunkure, babu wanda bai san motar ba. Ja ce kamar nunannen tumatir, kujerunta biyu kacal, ga ta gajeriya har cikinta na neman taɓa ƙasa. In aka danna wani maɓalli sai rufinta ya naɗe ya koma baya, shi ya sa yara suka raɗa mata suna Cire-Hula, manya ma suka karɓa. Alhaji ya sayo ta ne wata shekara da alkama ta yi masa albarka. Mutane suka yi ta dariya, wai me manomi zai yi da motar da ba ta ɗaukar ko kwandon tumatir ɗaya? Ya bar su suka yi dariyarsu suka gaji. Ya riƙe ta kamar 'yar auta, ba ta kwana a waje, ba ta shan man bakin titi, rana ba ta dukanta.

Bara ne ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da Alhaji, baki ma ya ɗauke. Likitoci suka ce akwai aikin da za a gwada a babban asibiti, iyali suka zauna suka ga babu abin ɗagawa da ya fi motar. Matarsa, Hajiya Kubra, ita ce ma ta fara kawo shawarar.

Kafin ka ce kwabo ƙofar gida ta cika. Kowa da nasa zargin, amma zargin bai daɗe yana yawo ba ya sami inda zai sauka. Wa ya rage a unguwa lokacin da maza suka tafi Juma'a? Wani dattijo ne mai suna Tambaya, mai gadin gidan Alhaji, kuma shi ke wanke motar tun ranar da aka kawo ta. Asalin gidansu Maguzawa ne na ƙetaren kanal, shi kuma coci yake zuwa, saboda haka duk Juma'a shi ake bar wa gida, an kuma daɗe ana gode masa a kan haka. Yau abin da ake gode masa a kai shi ya zama laifinsa. Ga shi kuma an tare shi a bayan gida, laka har gwiwa, gumi sharkaf, da igiyar shanu a kafaɗa.

Samari suka zaunar da shi a gindin darbejiya suka kewaye shi. Har an fara jin masu cewa a ƙetara kanal a bincike gidajen danginsa ɗaya bayan ɗaya. Nan mai unguwa ya ga abin zai fi ƙarfinsa, ya ce a kira Baffa.

* * *

Baffa Bafulatani ne da ya daɗe da jingine sandar yawo ya zauna yana noman shinkafa, amma a ƙuruciyarsa shi ake nema in an kore wa mutum shanu. Yanzu idonsa ba ya iya karanta lambar waya, sai dai har gobe ƙasa ba ta yi masa rowar labari. Ya iso a tsanake kamar mai zuwa ɗaurin aure, ya gaisa da manya, ya ƙi kallon gindin darbejiya, don ya san in ya kalla zuciyarsa za ta shiga aikin tun kafin idonsa ya fara. Shi da Tambaya gonarsu kan iyaka ɗaya take. Shekara da shekaru suna raba ruwan ƙaramin kanal ɗaya, ba su taɓa kai ƙara ba.

Hashimu ya tare shi. Ba mugun yaro ba ne, gajiya ce ta cinye shi. Shekara guda ke nan yana zirga-zirga tsakanin aikinsa a Kano da gadon jinyar mahaifinsa, yau da ya ga hanya ta buɗe kuma ta rufe a idonsa.

Ya ce, "Baffa, na ba ka zuwa magariba saboda girmanka. In an kira salla babu mota, 'yan sanda za su tafi da Tambaya."

Baffa ya lura da abu ɗaya. Tun Hashimu yana rarrafe Baba Tambaya yake cewa, yau ya yar da Baban.

Ya fara da Sada dillali, tunda wasu na raɗe-raɗin ko shi ya haɗa baki da 'yan birni. Sada ya rantse, ya sake rantsewa, ya amsa tambayoyin da ba a yi masa ba, a tsakiya kuma bakinsa ya koma ga sana'a, ya shiga bayanin kujerun fata da fentin asali da injin da ko tari ba ya yi, kamar Baffa ne mai sayen. Baffa ya bar shi yana zuba, ya duba takalminsa. Baƙi ne mai sheƙi, na mutumin da tun safe daga mota sai kan darduma.

Sai Nafi'u makanike, wanda shi kaɗai Alhaji ya yarda ya buɗe gaban motar. An ce makullin motar biyu ne, ɗaya yana rataye a ƙusa saman gadon Alhaji, kuma Hashimu ya duba ya gan shi a wurinsa, ɗayan yana hannun Nafi'u. Nafi'u ya ciro nasa daga aljihu. Sa'arsa ɗaya, a sahun gaba ya yi salla, rabin unguwa sun gan shi. Da hankalinsa ya dawo jikinsa, abin da ya dame shi ba kansa ba ne, motar ce. Ya ce duk wanda ya ɗauke ta Allah ya sa bai buɗe rufin ba, don rufin nan ba ya komawa sai motar na tsaye a shimfiɗaɗɗen wuri, in ta karkace ko kaɗan sai ya ƙi. In kuwa ranar nan ta yini a kan kujerun, tsagewa za su yi. Ya ce Alhaji ya fi tsoron rana a kan motar nan fiye da ɓarawo.

Daga ƙarshe Baffa ya je gindin darbejiya, ya kori samarin baya, ya tsuguna.

"Aboki, ina ka samo wannan lakar?"

Tambaya ya ɗago. Idanunsa sun yi ja, amma babu tsoro a cikinsu, sai wani irin roƙo.

"Ban saci komai ba, Baffa."

"Na ji. Igiyar fa?"

Shiru. Ya tambaye shi ko ya ga wanda ya fitar da motar, shiru. Ya tuna masa cewa magariba ba ta da nisa, kuma maganar ta fara ƙetara kanal zuwa gidajen 'yan'uwansa. Tambaya ya sunkuyar da kai. Baffa ya tashi. Ya sha ganin ɓarayi, yawancinsu surutu gare su. Wannan shirun na mai riƙon amana ne, sai dai amanar wa?

* * *

Kowa ya ɗauka motar ta hau kwalta ta nufi titin Zariya, shi ya sa samari masu babura suka bazama can. Ƙofar gida kuwa taron jama'a ya tattake ta, ko giwa ce ta wuce ba za a ga sawunta ba. Baffa ya zagaya ta bayan gida shi kaɗai. Can ma garken shanu ya bi ta kan hanyar gona ya dagula ta. Ya bi gefen garken a hankali har inda shanun suka karkata zuwa mashaya, sai ga ta: faffaɗar taya mai zanen da babu irinsa a duk yankin, ta miƙe kan hanyar da ke bin kanal zuwa gonaki.

Bai yi nisa ba ya fara mamaki. Ɓarawon mota gudu yake yi, taya ta watsa tsakuwa, ta goge zanenta a kwana. Wannan kuwa zanen ya fito raɗau kamar an ɗora tayar da hannu, alamar tafiyar da yaro ma zai iya bi da ƙafa. Duk ramin da ke hanyar an kauce masa tun daga nesa. Mai tuƙin ya san hanyar, kuma yana tattalin abin da ya ɗauko.

Lokacin kakar tumatir ne, kasuwa ta cika ta batse, mata sun koma yanka shi suna shanyawa ya zama kauɗa. A wani wuri shanyar ta cinye hanyar gaba ɗaya, ja wur daga wannan gefe zuwa wancan. Sawun tayar ya shiga ƙarƙashin shanyar ya ɓulla ta gaba. Baffa ya tsuguna ya ɗaga 'yan yanka. Babu ko ɗaya da ya murƙushe. Motar ta wuce ta nan, tumatirin kuma yana kwance a kan sawunta lafiya lau.

A inuwar wata bishiyar mangwaro Tani mai kauɗa tana zaune da ƙawayenta, wuƙaƙe na ta aiki. Baffa ya yi sallama, ya tambaye su ko sun ga jar mota ta wuce. Tani ta ce ita kanta na ƙasa tun hantsi, mai yanka ba ya kalle-kalle in yana son yatsunsa. Sauran suka ce su ma haka. Amma ɗaya ta rufe baki da gefen mayafi, kafaɗunta na motsi.

"To wa ya kwashe shanyar nan ya mayar?" in ji Baffa.

Tani ta ce, "Juya ta muka yi, Baffa. Kauɗa ai sai da juyi."

Ya yi musu sai an jima. Bai gaya musu halin da Tambaya yake ciki ba, don yana so ya ga ƙarshen sawun tukuna. Abu ɗaya dai ya tafi da shi: matan nan da za su iya tsine wa akuya har jikokinta a kan yanka ɗaya, sun tashi da kansu sun share wa motar hanya, ta jira su, sun kuma mayar da shanyarsu a kan sawunta suna dariya. Ba a yi wa ɓarawo haka.

* * *

A bakin gonar alkamar Alhaji Usaini ya same ta. Ranar ban ruwan wannan layin ce, ƙaramin kanal ya yi ambaliya ya jiƙa hanyar, ƙasa ta yi taushi a ƙarƙashin busasshiyar fuska. Cire-Hula ta zo juyawa, ƙafarta ta baya ta nutse, ta karkace ta zauna a kan cikinta. An tula mata bambaron shinkafa a kai.

Baffa ya duƙa ya duba ƙasa. Ko'ina a lakar sawun takalmin roba ne, irin na tsohuwar taya, mai jan dugadugin hagu, sawun da ya sani kamar tafin hannunsa. Tambaya ya zo nan, ya tura motar har ya zame, shi ne kuma ya kwaso bambaron. In samarin nan suka ga haka, sun gama shari'a: ya sace, ta maƙale, ya ɓoye, ya tafi neman shanun da za su ja ta.

Ya zauna a kan kunya ya daɗe yana kallon motar, sai ya ga abin da ya kamata ya gani tun farko. Bambaron a sama kawai yake. Jan jikinta a buɗe yake ta ko'ina, tana ƙyalli, mai tafiya a kan babban kanal ma zai hango ta. Ya tashi ya ɗaga bambaron. Rufin a naɗe yake, kuma kafin a zuba bambaron an shimfiɗa wa kujerun wani lallausan mayafi mai ruwan toka, an cusa gefunansa da kyau. Wanda ya yi wannan aikin da rana yake faɗa, bai damu da idon mutane ba. Kujerar direba kuma an matso da ita gaba sosai, ta mai gajeriyar ƙafa.

A gefen direba ƙaramin sawun silifas ya sauka, ya zagaya ta gaban motar, ya shiga bakin alkamar taku kaɗan ya dawo. A ɗaya gefen babu sawun da ya sauka ko ɗaya. Sai dai Tambaya ya tsaya a nan, ƙafafunsa sun nutse fiye da nauyinsa, daga wurin kuma tayar baro ta fara, ta bi 'yar siririyar hanyar da ke ratsa gonaki.

Baffa ya bi baron. Kayan da ke ciki masu nauyi ne, amma mai turawa bai bar shi ya yi tsalle ko sau ɗaya ba, duk kunyar da zai haura sai ya sassauta. Ƙaramin silifas ɗin kuma bai yi gaba ba, bai yi baya ba. Yana manne da gefen baron tun daga gona, ko inda hanya ta matse ya gwammace ya taka laka da ya rabu da shi. Haka mutum yake tafiya in yana riƙe da hannun wani. Baffa ya ji idonsa ya kawo ruwa, ya goge da bakin rawani, ya ci gaba har sawun ya kai shi ƙofar baya ta gidan Alhaji Usaini.

* * *

Rana ta yi sanyi lokacin da ya zagayo ƙofar gida. Jama'a suka taso masa da tambaya, ya ce a bari ya gaida mara lafiya tukuna, bai kyautu ya zo har nan bai leƙa shi ba. Hashimu ya ɓata rai, amma ya yi masa iso.

Alhaji yana kwance a kan gadonsa, an sauya masa riga, an gyara masa hula. Ya rame, rabin fuskarsa ya saki, sai dai yau akwai wani haske a idonsa da Baffa bai gani ba tun da ya kwanta. Makulli yana rataye a ƙusarsa. Hajiya Kubra tana bayan labule, ta amsa gaisuwa da murya ƙasa-ƙasa. Daga jin yadda take tambaya ko an dace, Baffa ya gane an gaya mata mota ta ɓata, amma ba a gaya mata wanda aka tsare ba. An ɓoye mata ne don kada hankalinta ya tashi.

Ya kama hannun Alhaji mai lafiya zai gaisa, sai ya ji shi a dunƙule. Ta tsakanin yatsun wasu 'yan gashi kore sun leƙo. Baffa ya dube shi, Alhaji ma ya dube shi, ɓarin bakin da ke motsi ya ɗan ɗaga.

Baffa ya fito ɗauke da abin da ya fi sawu wuyar bi. In ya yi shiru, abokinsa zai kwana a hannun 'yan sanda, sunansa kuma ba zai sake wankuwa a garin nan ba. In ya faɗa a bainar jama'a, ya tona matar da ba a taɓa jin muryarta a waje ba, ya kuma sa gari ya ji an turo Alhaji Usaini a baron tumatir. Ya ce wa mai unguwa a sallami taro, a shigo zaure da waɗanda abin ya shafa kawai.

* * *

Aka zauna a zaure: mai unguwa, Hashimu, Sada, Nafi'u, da Tambaya a rakuɓe kusa da ƙofa. Baƙon Kano yana waje cikin motarsa yana jiran ya ji ƙarshen abin. Baffa ya bar ƙofar cikin gida a buɗe da gangan, ya kuma ɗaga murya fiye da yadda ya saba.

Ya ce an ga mota, tana bakin gonar alkama, ko ƙwarzane babu a jikinta. Ya ce Sada ba shi da hannu, Nafi'u ma haka. Sannan ya ce sawun Tambaya yana wurin, shi ya tura ta, shi ya rufe ta. Hashimu ya miƙe tsaye yana laluben waya.

Baffa ya ce, "Kafin ka kira 'yan sanda su tafi da Tambaya, shiga ka buɗe hannun mahaifinka na dama, ka zo ka gaya mana abin da ke ciki."

Aka ji wani abu ya faɗi a tsakar gida, kamar kwano. Hashimu ya shiga. Ya daɗe. Da ya fito fuskarsa ta sauya.

"Zangarniyar alkama ce. Ɗanya. Na so in karɓa ya ƙi saki."

"Mutumin da ya shekara bai fita ɗaki ba," in ji Baffa a hankali, "wa ya kai shi gona?"

"Ni ce."

Daga bayan ƙofa muryar ta fito. Hajiya Kubra ba ta shigo ba, inuwarta kawai ake gani. Ba ta ambaci sunan Hashimu ba, tunda ɗan fari ne, amma da shi take. Ta ce tun da daɗewa Alhaji ya koya mata tuƙi a hanyar gona, da sassafe, rufi a rufe, mutane suna ɗauka shi ne yake tafiyar hawainiya don tattalin mota. Matan bakin kanal ne kaɗai suka sani. Ta ce ba ta yi nadamar shawarar sayarwa ba, lafiyarsa ta fi ƙarfe. Amma tun safe da ya ji ana cewa yau mai saye zai zo, idonsa bai bar kan makullin ba, in ya ɗauke sai ya kai taga. Ita kuwa ta san maganar idonsa. Da maza suka tafi masallaci ta roƙi Tambaya ya ɗauko shi, ta buɗe rufin, ta kai shi ya ga alkamarsa. Da motar ta maƙale, ita ta ce wa Tambaya ya rufa mata asiri har ya samo shanu a jawo ta, don tana jin kunyar ɗanta da faɗan likita da bakin gari.

Ta ƙara da cewa, "Wallahi ban san shi aka tsare ba. Baba Tambaya, ka yafe mini. Da ka faɗa."

Tambaya ya ce, "Kin ce kada in faɗa, Hajiya."

Hashimu ya tsaya kamar an dasa shi. Baffa ya ga fushi ya taso masa ya rasa wurin zama, ya koma kunya. Ya tambayi mahaifiyarsa, murya can ƙasa, yadda Alhaji ya yi da ya ga gonar. Ta ce dariya ya yi, irin wadda ake ji a ƙirji, har hularsa ta faɗi.

Hashimu ya juya wajen Tambaya zai durƙusa, sai Baffa ya riƙe masa kafaɗa.

"Ba a nan ka zubar masa da mutunci ba."

Yaron ya gane. Ya kama hannun dattijon ya fito da shi ƙofar gida, inda jama'ar da aka ce su watse ba su watse ba. A gindin darbejiyar nan ya durƙusa, gwiwa biyu a ƙasa. Ya gaya wa mutane ba a saci komai ba, 'yan gida ne suka fita da motarsu, wannan bawan Allah kuma amana ya riƙe. Bai ƙara bayani ba, babu kuma wanda ya nema.

Ya ce, "Baba Tambaya, ka yafe mini."

Samarin da suka kewaye shi ɗazu suka shiga kallon ƙasa. Tambaya ya ɗago Hashimu, ya kakkaɓe masa gwiwa kamar yadda yake yi masa yana yaro. Sannan ya waiwayi Baffa, da damuwa ta gaske a fuskarsa.

"Ka mayar da bambaron yadda yake? Raɓa za ta sauka a kan kujerun."

* * *

Kafin duhu shanun huɗar Baffa suka jawo Cire-Hula, da igiyar nan ta Tambaya. Da ta hau shimfiɗaɗɗen wuri Nafi'u ya danna maɓalli, rufi ya rufe kamar ba a yi komai ba. Baƙon Kano ya zagaya ta da laka a jikinta, ya ce ya saya. Ya ce motar da aka lulluɓe wa kujera da mayafi ba sai an gwada ta ba. Hashimu ya roƙe shi ya bar ta ta kwana, gobe da la'asar ya zo ya ɗauka.

Washegari da hantsi Baffa yana gyara kunyar gonarsa ya ji ƙarar da ya sani. Jar motar ce tafe a kan hanyar kanal, tas an wanke ta, rufi a naɗe. Hajiya Kubra ce a kan sitiyari, ta ja mayafi har goshi, kunya kamar ta nutse, amma hannunta bai yi rawa ba. Alhaji yana gefenta an tokare shi da matasai. Da yake kujerun biyu ne, Hashimu a ƙasa yake, yana biye da su da ƙafa, Tambaya a kusa da shi yana nuna masa inda ƙasa ta yi taushi. Can gaba Tani da ƙawayenta har sun tashi sun fara kwashe shanya.

Baffa ya ɗaga musu hannu. Da suka wuce ya sauko kan hanyar ya duba ƙasa, don hali ba ya barin mai shi. Ga faffaɗar tayar, ga takalmin Hashimu, ga mai jan dugadugin hagu a gefensa. Inda hanya ta haura gadar kanal, sawun Hashimu ya rage tsawon taku, ya daidaita da na tsohon.